Tiredin da ya cinye: tarihin bindigar toka da ɗan ƙarfen da ke kallon idon maharbi

 Yau tarihi zan taɓo, kuma yana da ɗan tsawo, amma wanda ya daure ya kai ƙarshe zai ga inda ya haɗu da halin da muke ciki.

Akwai makamin da sojojin duniya suka ajiye kusan shekara 150 da suka wuce, amma mu har gobe yana cikin labaranmu: bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda wasu ke ce wa bindigar toka, wasu adaka, wasu harba-ka-ruga. Ita ce a kafaɗar 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah. Ita ce a hannun da yawa daga cikin mafarautan da suka taimaka wa sojoji aka ƙwato Mubi a Nuwamban 2014. Ita ce kuma aka samu tare da mafarauta 16 da aka yi wa kisan gilla a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, Allah Ya jiƙansu. Yau da daddare ma, a ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, da ita 'yan sintiri za su kwana a bakin gari.

A jikin irin wadda ake ɗora wa hula, can kusa da gindin bututu, akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Yana da siririyar kafa a tsakiya, kuma murɗa shi ake yi a cikin rami mai tiredi, kamar yadda ake ɗaura fulogi a kan injin babur. Turawan Ingila sun sa masa suna kan nono saboda siffarsa, ni ma haka zan kira shi a nan. A kansa ake kifa 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin tayar da wuta. In an ja kunama, gudumar bindiga ta doki hular, wuta ta bi ta kafar nan ta tarar da albarushi, harsashi ya fita ta gaba.

Abin lura shi ne, ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne dai ke tura wannan ɗan ƙarfe baya. Tayar mota ana ba ta iska 30 zuwa 35 a geji. Da wannan ma'aunin, abin da ke taruwa a gindin bututun bindiga lokacin harbi dubbai ne. Ba abin da ke riƙe da nonon sai 'yan haƙoran tiredi, kuma tsakaninsa da idon mai harbi bai wuce taƙi ɗaya ba. Ranar da tiredin ya cinye, bindiga ta zama mai baki biyu, kuma na biyun fuskar mai ita yake kallo.

To, daga ina wannan ɗan ƙarfe ya samo asali?

Kafin shi, bindiga mai ƙyastu ce ta yi mulki sama da shekara 150. Gudumarta na riƙe da dutsen ƙyastu, ya doki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kaskon albarushi da ke gefe, daga nan wuta ta shiga ciki. Matsalarta biyu. In ana ruwa ko iska, sai ta ƙi tashi. In ma ta tashi, akwai ɗan jinkiri tsakanin walƙiyar kaskon da fitar harsashi.

Wannan jinkirin ne ya dami wani limamin coci a ƙauyen Belhelvie na ƙasar Sukotlan, mai suna Alexander John Forsyth. Mutum ne mai sha'awar farautar agwagin ruwa, kuma ya lura tsuntsayen na ganin walƙiyar su kauce kafin harbin ya iso. A 1800 wani masanin kimiyya, Edward Howard, ya bayyana wani sinadari da ake haɗawa daga zaiba, wanda bugu kaɗai ke tayar da shi. Forsyth ya yi ta gwaji da ire-iren wannan sinadari har ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1807. Tasa na'urar tana da wuyar sha'ani, amma ta buɗe ƙofa. Cikin shekara 15 da suka biyo baya, maƙera a Ingila da Faransa da Amurka suka kai ga dabara mafi sauƙi: a zuba sinadarin a 'yar hula, a kifa ta a kan ƙarfe mai kafa. Mutane da yawa sun yi iƙirarin su suka fara, cikinsu har da Joshua Shaw da ya yi tasa rajistar a Amurka a 1822.

Sojoji ba sa saurin yarda da sabon abu. Sai a 1834 rundunar Birtaniya ta yi gwaji a Woolwich: harbi 6,000 da bindigogi masu ƙyastu, 6,000 da masu hula, cikin kowane irin yanayi. Sakamakon ya nuna duk sau ɗaya da mai hula ta ƙi tashi, mai ƙyastu ta ƙi kusan sau 26. A watan Mayun 1841 kuma, lokacin Yaƙin Ofiyom na farko, ruwan sama mai ƙarfi ya rutsa da wata ƙungiyar sojojin Indiya da ke yi wa Birtaniya yaƙi a bayan birnin Kanton na ƙasar Sin. Bindigoginsu masu ƙyastu suka zama sanduna, mutanen ƙauyuka suka kewaye su. Sojojin ruwa masu bindiga mai hula ne suka je suka fito da su. Daga nan gardama ta ƙare.

Sai dai sabuwar dabarar ta zo da nata ciwon. Nono ne ɓangaren da ya fi kowane shan wahala. Guduma na dukansa daga sama, wuta na cinsa daga ciki har kafar ta buɗe, sannan tokar albarushi da ta hula na jan laima, tsatsa ta shiga tsakanin haƙoran tiredi. Shi ya sa tun farko aka yi shi ya zama abin cirewa a sake. Sojan Amurka na lokacin Yaƙin Basasa, 1861 zuwa 1865, ana ba shi nono na ajiya da ɗan sufana na kwance shi. Bindigar Enfield ta Birtaniya, samfurin 1853, tana zuwa da ɗan murfi mai fata a jikin sarƙa domin kare shi daga duka. Amma duk kwancewa da ɗaurawa na rage wa tiredi kwana, musamman in an sa shi a karkace ko an matse da ƙarfin tsiya. Duk wanda fulogin babur ɗinsa ya taɓa cin tiredi ya san labarin.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. Daga ƙarshen shekarun 1840 suka riƙa mayar da tsofaffin bindigoginsu masu ƙyastu zuwa masu hula, kuma hanya mafi arha ita ce a huda saman bututun kai tsaye, a yanka tiredi, a murɗa nono. Naman ƙarfen wurin ba shi da kauri. Da aka zo aka yanka wa wasunsu murɗaɗɗen layi a ciki domin su harba sabon harsashin Minié, matsin ya ƙaru, aka ga wannan gyaran ba zai ɗauka ba. Dole aka koma yanke gindin bututun gaba ɗaya a sa sabo mai kauri. Ga kuma halin ɗan Adam a fagen fama: bayan yaƙin Gettysburg a 1863 an tsinci bindigogi sama da 27,000, kimanin 24,000 a ɗure, kuma kusan rabin waɗannan an yi musu ɗuri fiye da ɗaya. Soja ya ruɗe, bai san ba ta tashi ba, ya sake ɗurawa a kai. Ka ƙiyasta abin da ɗuri biyu ko uku zai yi wa tiredin da dama ya gaji.

Yanzu ga inda maganar ta fi ba ni sha'awa. Nono na ajiya ba shi da amfani sai in tiredinsa ya dace da ramin. A farkon ƙarni na 19 kowane maƙeri a Ingila da irin tiredinsa. Notin wannan shago ba ya hawa kusar wancan. Henry Maudslay ya ƙera injin yanka tiredi mai daidaito wajajen 1800, sannan wani da ya yi aiki a masana'antarsa, Joseph Whitworth, ya tattara kusoshi daga masana'antu daban-daban, ya auna su, ya fito a 1841 da shawara: kowa ya yanka haƙoran tiredi a kan digiri 55, kuma kowane kauri da adadin haƙoransa a inci. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, sauran suka bi. A Amurka, William Sellers ya kawo nasa tsarin mai digiri 60 a 1864. Kar ka ɗauka wannan ya yi nisa da kai: fayif ɗin rabin inci da mai gyaran famfo ke saya maka a kasuwa, tiredinsa jikan na Whitworth ne.

A ɓangaren bindiga kuwa, Amurkawa ne suka riga Birtaniya. A babban baje-kolin Landan na 1851, kamfanin Robbins & Lawrence na jihar Vermont ya nuna bindigogin da za a wargaza, a cakuɗa sassansu, a sake haɗawa kowacce ta yi aiki. Birtaniya ta tura wakilai suka gani da ido, ta sayo injina, ta ɗauko James Burton wanda ya yi aiki a ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry, ta damƙa masa aikin injiniya a masana'antar gwamnati da ke Enfield. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke, ɓangarorin biyu sun sayi Enfield kimanin 900,000, amma akasarinsu ba na masana'antar gwamnati ba ne, aikin hannu ne na ƙananan maƙeran Birmingham da Landan, kuma sassansu ba sa musanyuwa. Shi ya sa masu sayayya suka fi rububin na kamfanin London Armoury, wanda ke aiki da inji a kan awo ɗaya. Kuma nonon Enfield mai haƙora 18 a inci ba ya zama a ramin Springfield mai haƙora 24, duk da kaurinsu ɗaya.

Wannan rikicin awo bai mutu ba har yau. A Amurka da Turai akwai dubban masu harba irin waɗannan bindigogi don farauta da gasa da raya tarihi. Ƙirar kamfanin Thompson/Center na Amurka na amfani da nono mai kaurin kwatan inci da haƙora 28. Ƙirar Sifen da yawa milimita 6 ne, tazarar haƙora milimita 1. Wasu na Italiya milimita 6 ne da tazarar 0.75. Kwatan inci milimita 6.35 ne, wato bambancin bai kai rabin milimita ba, ido ba ya gani. Sai mutum ya murɗa na milimita 6 a ramin kwatan inci, ya ji kamar ya kama, alhali bakin haƙoran kawai ya ɗan cije. Wannan na cikin sanannun dalilan da ke sa nono ya yi tsalle.

In tiredi ya riga ya cinye, hanyoyin da ƙwararru suka yarda da su ba su da yawa. Ta farko, in ɓarnar kaɗan ce, a sake yanka tiredin ya ɗan fi na da faɗi, a sa nono mai ɗan ƙarin kauri. Ana sayar da irinsu hawa-hawa, kowane ya ɗara na baya da kashi biyar cikin dubu na inci. Ta biyu, a faɗaɗa ramin a sa masa bushin ko murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai zama sabon tiredi, dabarar da aka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1930 domin injinan jiragen sama, kodayake maƙeran bindiga sun rabu a kan dacewarta a wurin da wuta ke bi. Ta uku, a cire ɓangaren da ramin yake gaba ɗaya a sa sabo. Dukansu sharaɗinsu ɗaya: a auna a ga ko naman ƙarfen da ya rage zai ɗauka. In ba zai ɗauka ba, hanya ta huɗu ce ta rage, a rataye ta a bango ta zama kayan tarihi. Gam, da zare, da farar robar masu famfo, da dukan guduma don ya matse, babu ɗaya a cikin jerin.

Bayan awo, Turawa sun ƙara abu na biyu, wato gwaji. Tun 1637 ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ke da ikon gwada bututu. A Liyej ta ƙasar Beljiyam an wajabta gwaji a 1672. A Birmingham, majalisar dokoki ta kafa gidan gwaji a 1813, kuma yana aiki har yau. Tsarin mai sauƙi ne: a yi wa bututu ɗurin da ya wuce ƙa'ida, a tayar da shi a rufaffen ɗaki ba kowa a kusa, a duba, in ya tsira a buga masa hatimi. Har yanzu laifi ne a Birtaniya ka sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi, kuma in an yi mata gyaran da ya rage ƙarfin bututun, sai ta koma gwaji.

To mu a nan Afirka ta Yamma, me ya iso gare mu? Bindigar ta iso, har ta yi yawa. Farfesa Joseph Inikori, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 duk shekara, akasari a musayar bayi. Sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya da Gana, wato bindigar mutanen Denmak, ya samo asali ne daga 'yan kasuwar ƙasar da ke da sansani a Osu ta Akara. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera musamman don kasuwar Afirka na arha ne, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannu. Ta arewa kuma, ta Sahara, Mai Idris Aloma na Borno ya samu 'yan bindiga Turkawa tun ƙarni na 16, sannan a ƙarni na 19 Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun ta kai ga haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. Ke nan basira ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba.

Daga 1866 Turai ta juya wa ɗuri ta baki baya. A shekarar ce Furushiya ta doke Ostiriya da bindiga mai ɗuri ta gindi, Birtaniya kuma ta fara mayar da Enfield ɗinta zuwa samfurin Snider. Tsofaffin suka kwararo kasuwannin duniya, har da namu. Sai ga Yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda da sunan yaƙi da cinikin bayi ta hana sayar da bindigogin zamani a yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu. Abin da aka bari a sayar wa 'yan ƙasa shi ne bindiga mai ƙyastu marar layi a ciki da albarushin kasuwa. Hatta hular nan tana cikin kayan da aka sa wa takunkumi. Shekara 13 bayan haka, a 1903, sojojin Lugga suka shiga Kano da Sakkwato da bindigar Maxim. Birmingham da Liyej kuwa suka ci gaba da ƙera mana masu ƙyastu har cikin ƙarni na 20, lokacin da a ƙasashensu sai dai a gidan tarihi.

Maƙeranmu, daga Oka zuwa ƙasar Hausa, suka karɓi aikin. Suka gyara, suka kwaikwaya, suka ƙera tasu. Amma abubuwa biyun nan da suka sa bindigar ta zama abin dogaro a can, awo ɗaya da gidan gwaji, ba su biyo ta ba. Kowane maƙeri da tiredinsa, kamar Ingila kafin 1841. Sau da yawa bututun fayif ne da aka yi don ruwa ko wani aiki daban. Gwajin farko kuma a kafaɗar mai saye ake yinsa. Ka zauna da tsofaffin maharba ka dubi yatsunsu da fuskokinsu, za ka ga tarihin da ba a rubuta ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, doka ta san da wannan bindiga. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu tana cikin kundin dokokin Najeriya, ta kasa bindigogi kashi uku, kuma kashi na uku na masu ɗuri ta baki ne: adaka, da mai ƙyastu, da mai hula. Ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha hurumin lasisinsu. Ta kuma tanadi cewa hukumar 'yan sanda, da amincewar gwamna, za ta iya ba mutum izinin ƙerawa da gyara irin wannan bindiga, a ajiye rajistar masu izinin. Mu da muke aikin gwamnati mun san bambancin abin da ke cikin doka da abin da ke cikin fayil. Tambayi maƙerin garinku ko ya taɓa jin wannan rajista.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasar da makamai suka yi wa katutu, kai kuma kana maganar gyaran bindiga? Damuwarsu gaskiya ce. Akwai maƙeran da suka koma ƙera wa 'yan ta'adda kwaikwayon bindigogin yaƙi, waɗannan hukunci ya kamace su. Akwai kuma 'yan sa-kai da suka ɗauki doka a hannunsu suka kashe marasa laifi, wannan ma ba a rufe shi. Amma ɗan bindigar daji AK-47 yake riƙewa. Mai harba-ka-ruga yawanci manomi ne, ko mafarauci, ko bafaden sarki, kuma yana nan ko mun rubuta sunansa ko ba mu rubuta ba. Bindigar da ke da lamba da hatimi da sunan maƙerinta a littafi ta fi sauƙin bibiya a kan wadda ba wanda ya san inda ta fito.

Kayan aikin ma muna da su. Akwai masana'antar DICON a Kaduna tun 1964. Akwai hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Akwai cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Katsina ta ƙaddamar da rundunarta ta tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. A ganina, jihar da ta iya ɗaukar dubban matasa ta ba su kaki da babura, ba za ta gaza yin rajistar maƙeran da ke yankinta ba, ta haɗa su da kwalejin fasaha a koya musu awo, a tsayar da tiredi guda, a gina ɗakin gwaji ko da ɗaya ne. Abin da Birmingham ta yi da bulo da yashi a 1813 bai fi ƙarfin Kaduna a yau ba.

Kafin gwamnati ta farka, wanda ke da ɗan'uwa mafarauci ko ɗan sintiri ya isar masa da wannan: in nonon bindiga ya fara girgiɗi, ko yana juyawa ba ya matsewa, ko hayaƙi na fita ta gefensa, ko guduma na komawa baya da kanta bayan harbi, a ajiye ta. Kada a ce bari a lallaɓa zuwa bayan damina. Ido ba shi da na ajiya.

Masu sana'ar ƙira da maharba da ke cikinmu, ku faɗa mana sunan da kuke kiran wannan ɗan ƙarfe a yankinku, mu ƙaru. Allah Ya kawo mana zaman lafiyar da za a mayar da harba-ka-ruga ta zama ta hawan Sallah kawai. Amin.